Kwana Arba'in Ba Kifi Ba Nono

Duk wanda ya gangara bakin kogi a Garwa, ta ƙasan gada, tun kafin ya ga Goggo Zenaba hancinsa zai gaya masa ya iso. Tuluna shida gare ta a rumfa, baƙaƙe wuluk, an liƙe bakinsu da laka. Abin da ke ciki shi ake kira kifin tulu, wato ƙananan ƙawara da aka jiƙa cikin gishiri da ruwan tsamiya. Ba ta kiran ciniki. Amma wanda ya toshe hanci ba ta barin sa ya wuce haka nan.

"Toshe da kyau," haka take cewa. "Ai kai da turare uwarka ta yaye ka."

Na daɗe ina sayen kifi a wurinta, kuma mace ce da in ta ga kana saurare sai ta zuba. Yawancin abin da zan faɗa daga bakinta na ji shi, sauran kuma daga bakin 'yarta Lauratu.

An haife ta a wani ƙauyen masunta a gefen Binuwai. Kakanninta fatauci ya kawo su daga Najeriya, ubanta ne ya bar jaki ya kama kwale-kwale. Tana amarya aka datse ruwa a Lagdo, mijinta ya ɗauke ta suka bi ayarin masu neman kifi. Ta ce a shekarun nan in ka jefa raga sai ka kira mutum ya taya ka ja. Kifi ya yi yawa har ya zama wahala. Banda tana son itace, itace kuwa ya ƙare a kusa. In ka shanya da damina, kafin ya bushe tsutsa ta riga ka. Da idonta ta ga ana haƙa rami ana binne kifi.

Wata tsohuwa daga wajen Kuseri, wadda Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, ita ta nuna mata yadda ake jera kifi a tulu, layin kifi, layin gishiri. Tsamiyar kuwa nata ne. Wata rana gishiri ya gaza, ga kifi a ƙasa yana shirin lalacewa, sai ta juye ruwan tsamiyar da ta jiƙa don kunu, ta ƙara lemun tsami da citta, ta liƙe. Bayan mako uku ta buɗe tana tsammanin ɓarna. Ta tarar ƙayar ta yi laushi, har kan kifin ma yana murƙushewa tsakanin yatsu biyu. Ta dafa shi a miyar kuka, yara suka cinye ba wanda ya tofar da ƙaya.

Da shi ta riƙe gida bayan mijinta ya rasu, da shi ta dawo Garwa da kifi ya ja baya a Lagdo.

"Shida na haifa, shida na aurar," ta ce mini. "Ko ɗaya ban binne ba. Je ka tambayi masu toshe hancin nan ko su nawa za su iya faɗar haka."

Abin da ke ci mata rai tun can shi ne, a sa giwan ruwa a ƙanƙara a kai otal, manya su ci tsoka su zubar da kai da ƙashi, sannan su kalli tulunta kamar kayan shara. Amma duk wannan fushin kasuwa ne, yana tashi da safe ya sauka da yamma. Wanda bai sauka ba har yau shi ne na jikarta Hanan.

Lauratu ita ce autarta. Tana auren Adoum, direban babbar mota da ke zirga-zirga tsakanin Garwa da Ngaundere, yana yin kwana goma bai kwana a gida ba. Suna zaune a gidan mahaifiyarsa, Hajja Huda, a unguwar Lopere. Hajja Huda ba muguwa ba ce, ko Goggo Zenaba ba ta ce da ita muguwa. Mace ce mai tsafta da tsari, 'yar gidan 'yan kasuwa, wadda kullum akwai ƙwaryar nono a ɗakinta. Jikarta kuwa tana son ta kamar ranta.

Hanan tana da wata goma sha bakwai Lauratu ta sami ciki, sai aka ce a yaye ta. Kamar yadda aka saba, aka kai ta wurin kakarta ta wajen uwa. Ta yi kuka kwana biyu, a na uku ta karɓi kunu. Goggo Zenaba takan jiƙa kifin ta sauke masa gishiri, ta dafa, ta daka shi da ƙayarsa da kansa har ya zama kamar tunkuza, ta dama a kunun gero. Mako uku yarinyar ta yi. Ranar da aka mayar da ita tana tafiya tana jan zanin kakarta.

Hajja Huda ta ɗauke ta, ta sumbace ta, sai ta ɗago kai.

"Me kika ba ta, uwar Lauratu?"

"Abin da na ba uwarta."

"Kifi?"

"To, da duwatsu nake sayarwa?"

Hajja ba ta yi faɗa ba. Ta tura ƙwaryar nonon da aka ajiye wa yarinyar can gefe. Kowa a garin nan ya taso yana jin cewa in aka haɗa kifi da nono yana kawo albaras, farin tabon nan da ke cin fata. Hajja kuma ta ji a wurin uwarta cewa kifin da ya daɗe a gishiri ba ya barin jini sai ya yi kwana arba'in. Don haka ta yanke cewa ba za a ba Hanan nono ba sai arba'in ta cika. Kifi kuma an rufe maganarsa. Nama, aka ce ba ta da haƙoran taunawa. Abin da ya rage shi ne kunun masara mai ruwa-ruwa da sukari, sau huɗu a rana, a kofi mai tsafta da aka wanke da ruwan zafi.

Kafin arba'in ta cika yarinyar ta yi gudawa kwana biyar. Da ta tsaya sai aka ga wani ɗan tabo ya yi haske a bayan cinyarta. Hajja ta duba, ta ce ga shi nan, Allah Ya taimaka ma ba a haɗa da nono ba, da yanzu ya gama jikin. Ta ƙara wata arba'in.

Goggo Zenaba ta aika da kwanon dakakken kifi, aka mayar mata da shi ba a buɗe ba. Ta zo da kanta, aka shimfiɗa mata tabarma a zaure, aka kawo mata ruwa mai sanyi, aka ce yarinya tana barci. Ta sake zuwa, aka ce tana barci. Sai ta yi zuciya. Ta ce tunda abin ya zama haka, ƙafarta ba za ta ƙara taka gidan ba.

In ta zo nan a labarin muryarta takan canza.

"Wata biyu na zauna ina kumbura fuska a rumfa. Wata biyu! Wai ni an wulaƙanta ni. Ni ma ka rubuta nawa laifin, kada ka ce Hajja kaɗai."

Ranar wata Talata Lauratu ta zo bakin kogi da cikinta, ta zauna a kan benci. Da uwar ta matsa mata sai ta ce yarinyar ta daina tafiya, ta daina wasa, in an ajiye ta nan za a dawo a same ta. Tabon ya yaɗu, fatar tana saɓulewa. Amma Hajja ta ce kada a damu, tunda tana ƙiba.

"Ƙiba?"

"Ƙafafunta sun ciko, Inna. Da kumatunta."

"Gashinta fa?"

"Ya yi ja," in ji Lauratu.

Goggo Zenaba ba ta ko rufe tulun da ta buɗe ba. Ta ɗauki kwanon dakakken kifin da ta yi wa kanta na rana, ta ɗaure a gyale, ta tare mashin, Lauratu ta biyo ta. Wannan karon ba ta tsaya a zaure ba. Ta shige har tsakar gida, ta tarar da Hanan zaune a tabarma cikin riga mai guga, ido a buɗe amma ba ta kallon komai. Ta durƙusa ta ce, "Ƙawata, ba ki san ni ba?" Yarinyar ba ta juyo ba. Sai ta kama ƙafarta ta danna babban yatsa a kai, ta ɗan riƙe, ta ɗaga. Gurbin yatsan ya zauna kamar an danna ƙullu.

Ta san wannan. Ta gan shi a Lagdo shekarar da hatsi ya yi tsada, a jikin 'ya'yan manoman da ke zuwa roƙon kan kifi. Ta ga waɗanda suka tashi, ta ga waɗanda ba su tashi ba.

Hajja Huda ta fito daga ɗaki da carbi a hannu.

"Ba sallama, uwar Lauratu?"

"Zo ki ga ƙibar jikarki, Hajja. Zo ki sa yatsa. Ruwa ne! Yunwa ce ke cin yarinyar nan a gidan da ake zubar da tuwo."

"Yunwa a gidana? Sau huɗu take shan kunu. Abin da kika ɗura mata ne yake fita ta fata, kowa ya gani."

"Wata uku rabonta da kifina. In shi ne, me ya sa da tana ci take gudu, da ta daina ta zauna?"

"Kada ki ɗaga mini murya a gaban surukata."

"Surukarki 'yata ce. Wannan kuma jinina ce kamar yadda take jininki."

Ta sunkuya ta goya yarinyar. Ta ce ba ta taɓa goya abu mai nauyin ruwa da rashin nauyin mutum kamar wannan ba. Hajja ta tsaya a bakin ƙofa, Goggo Zenaba ta ce mata ko ta kauce ko su fita tare. Suka fita tare, su uku har da Lauratu, a mashin biyu.

A asibitin unguwa suka sami wata ma'aikaciyar jinya, Madam Léontine, 'yar kudu ce da ta daɗe a Garwa, tana Fulatanci tana cakuɗa shi da Faransanci. Ta naɗa wani siririn ma'auni mai launi uku a damtsen Hanan, ya tsaya a ja. Ta danna ƙafafun biyu. Ta tambayi abin da yarinyar ke ci, aka gaya mata. Ta sake tambaya, ko ba ta ji daidai ba.

"Kunu kawai? Wata uku?"

Ta ce tamowa ce, mai kumburi, kuma ta yi nisa. Tabon fata da jan gashi duk ita ce. Dole a kwantar da ita yau. Goggo Zenaba ta fara kwance gyale tana cewa ga maganin nan ta zo da shi. Madam Léontine ta dafe kwanon.

"A'a, Mama. Ba yau ba. Gishiri a jikin da ya kumbura haka zai iya kashe ta. Cikinta ma ba zai ɗauka ba."

"Na sauke gishirin!"

"Ko kin sauke. Sai ta warware."

Goggo Zenaba ta ce a lokacin ji ta yi kamar ta kifa mata kwanon a ka. Amma ta mayar da shi cikin gyale. Ma'aikaciyar ta shiga ciki ta dawo da ɗan ƙaramin kofi. Abin da ke ciki fari ne. Ta ce madarar magani ce, za a riƙa ba ta kaɗan-kaɗan, dare da rana, ita ce za ta fara tayar da ita.

Hajja Huda ta miƙe tsaye.

"Madara? A kan kifin da ke jininta? Saura kwana shida arba'in ta biyu ta cika. A jira."

"Hajja, ba lallai ta kai kwana shida ba."

"Rai na Allah ne. Amma ba zan tsaya ina kallo a mayar mini da jika dabbare-dabbare ba, ta girma ba mai aurenta, ana nuna ta a hanya."

Aka kira Adoum a waya. Yana Ngong a kan hanyar Ngaundere, tayarsa ta fashe, ana jin ƙarar guduma a bayansa. Ya saurari matarsa, ya saurari uwarsa, ya ce shi ba ya nan, a yi yadda Hajja ta ce. Madam Léontine ta ajiye kofin a kan tebur ta ce ba za ta ɗura wa yarinya abu iyayenta suna cewa a'a ba, amma su sani kowace sa'a tana da tsada. Lauratu tana tsaye da kuka, tana duban uwarta, tana duban uwar mijinta.

A nan ne Goggo Zenaba ta gaya mini abin da ba ta gaya wa kowa ba a ranar. Ita ma ta yarda da maganar albaras ɗin. Shekara sittin da wani abu a duniya, ba ta taɓa haɗa kifi da nono ba. Uwarta ta hana ta, ita ma ta hana 'ya'yanta. In ta sha fura da nono da rana, miyar kifi sai gobe. Abin da ba ta yarda da shi ba shi ne arba'in ɗin Hajja. Da ta ga farar madarar nan, ita ma albaras ta fara tunowa.

"To me zan ce? In ce ƙarya ne, alhali ni ban taɓa gwadawa ba? Yarinya tana mutuwa, tsofaffi biyu muna tsaye muna gadin fata."

Ta fita bakin ƙofar asibiti inda masu nono ke zama a inuwar dalbejiya. Ta sa aka cika mata ƙwarya, ta shigo da ita hannu biyu. Ta zauna a ƙasa a gaban Hajja, ta buɗe kwanon kifi. Ɗakin ya ɗauki wari, matan da ke jinyar 'ya'yansu suka juyo. Ta ɗebo da yatsu ta ci. Ta ɗaga ƙwarya ta kurɓa. Ta sake ci, ta sake kurɓa. Daga baya ma sai ta juye sauran kifin cikin nonon ta gauraya da ludayi.

"Subhanallahi," in ji wata mata daga gado na ƙarshe. "Baba, kina hauka ne?"

"Ina hauka. Ki zuba ido."

Ta shanye tas, ta kifa ƙwaryar.

"Hajja, ga ni nan. Ni ba wata uku ba, yanzu-yanzu na ci. In albaras ne, ni zai fara kamawa, ki zo bakin kogi ki yi mini dariya, ki tara gari. Fatata ta tsufa, ba mai aurena. Amma yarinyar nan za ta sha abin nan yau."

Hajja ta juya fuska ga bango tana jan carbi. Lauratu ce ta share hawaye da bakin mayafi, ta taka ta ɗauki kofin daga kan tebur. Ba ta dubi kowa ba. Ta zauna ta ɗora 'yarta a gefen ciki, ta fara ba ta da cokali.

Kwana goma sha tara suka yi a asibitin. Kumburin ya sauka, sai ga ainihin yarinyar ta fito, ƙashi da fata, har Adoum da ya zo ya kasa tsayawa a ɗakin. Daga nan ta fara cikowa. Ranar da ta miƙa hannu ta fizge ɗankwalin kakarta, Madam Léontine ta ce to yanzu an tsallake.

Kafin a sallame su ta zaunar da tsofaffin biyu. Ta ce a ba yarinyar nono, a ba ta wake da ƙwai da gyaɗa, a ba ta kifi. Ta ce ƙaramin kifin da ake ci da kansa da ƙayarsa yana gina tsoka, yana ƙarfafa ƙashi, yana ƙara jini, ya ma fi babban da ake zare wa ƙaya. Goggo Zenaba ta gyara zama tana duban Hajja. Sai ma'aikaciyar ta ci gaba, ta ce amma na tulu gishirinsa ya yi wa yaro yawa. In da ɗanye a samu, shi ya fi. In babu, a jiƙa na tulun a canza ruwa sau uku, a dafa shi sosai, kuma kaɗan.

"Sau biyu nake yi tun kafin a haife ki."

"Yanzu sau uku, Mama."

Sau uku take yi. Tana yi tana mita.

Har kwana arba'in bayan ranar ƙwarya, kullum da safe sai Goggo Zenaba ta fito haske ta duba bayan hannuwanta da ƙafafunta, ta sa maƙwabciyarta ta duba mata baya. Ba abin da ya fito. Ta ce ba daɗi ta ji ba, haushi ta ji, don ta tuna duk nonon da ta hana 'ya'yanta.

Hajja Huda har yau ba ta ce ta yi kuskure ba. Cewa take madarar asibiti daban ce da nonon shanu, uwar Lauratu kuma jikinta ya riga ya jiƙu da kifi, shi ya sa bai kama ta ba. A gidanta ranar kifi daban, ranar nono daban. Goggo Zenaba ta ce ta raba su yadda take so, muddin duka biyun suna shiga cikin yarinyar. Suna gaisawa a biki da suna. Ba sa zama tabarma ɗaya.

Hanan ta shiga shekara huɗu. Ta fi sa'o'inta ƙanƙanta, kuma Madam Léontine ta ce mai yiwuwa ba za ta kamo su a tsawo ba. Wannan ne Goggo Zenaba ba ta yafe ba, ba wa Hajja ba, ba wa Adoum ba, ba wa kanta ba. Duk Juma'a Lauratu takan kawo ta rumfa tare da ƙaninta. Kafin gaisuwa, kafin komai, tsohuwar takan ɗora ta a cinya, ta cire mata takalmi, ta danna yatsa a kan ƙafarta, ta ɗaga ta duba.

"Goggo, da zafi," in ji Hanan.

"Yi shiru, ƙawata. Miƙo ɗayar."